Wilf Bexon da Doka ta Tara

Shekara arba'in da huɗu Wilf Bexon ya yi yana hawa benen mashayar nan ta Bulwell duk ranar Asabar da rana, rungume da akwatin sojojinsa na dalma. Matakala goma sha bakwai ce, kuma a 'yan shekarun nan sai ya huta sau biyu kafin ya kai sama. A can ɗakinmu yake. Akwai tebur mai ƙafa shida da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle, da tsaunukan soso, da kogin shuɗin fenti, da wata hita da tun muna da gashi a ka ba ta ɗumama kowa sai kanta. A kan teburin nan muke yaƙin sarki da majalisa, yaƙin da masu shi suka gama shekara ɗari uku da ɗoriya, mu kuwa har yau ba mu yarda an gama ba.

Sunan wasan Ganga Uku. Wilf ne ya rubuta dokokinsa, shi da amininsa Alwyn Truswell, a kan teburin kicin ɗin Mavis matar Wilf, a hunturun 1979. Bi da bi ake yin sa. In layi ya zo kanka, ganga ta farko ka matsa da mutanenka, ta biyu ka yi harbi, ta uku ka saki dawaki in kana da ƙarfin hali. Daga nan ka koma ka zauna, ka harɗe hannu, ka ga abin da ɗan'uwanka zai yi maka. Ƙwayar lido ce ke faɗin wanda ya mutu da wanda ya tsere. Dokokin talatin da biyu ne, amma in ka tambayi Wilf, guda ɗaya ce wasan, sauran duk rakiya suka yi mata.

Ita ce doka ta tara, kuma layi biyu ce kawai: mai kai hari ya faɗi harinsa kafin a auna, abokin gaba ne zai riƙe tef. Doki inci goma sha biyu yake ci a tafiya ɗaya. Ba ka da izinin aunawa tukuna. Da ido za ka duba, ka ce ka saki dawaki, sannan wanda za ka afka wa ya ɗauko tef ya auna da hannunsa. In ka kai, ka kai. In ka gaza ko da kaurin gashi ne, dawakinka sun tsaya a fili gaban bindigogi, kuma abin da ke biyo baya ba shi da daɗin kallo.

Wilf ya yi dokar ne daidai jikinsa, kowa ya sani. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga masana'antar kekuna, aka sa shi sashen duba tsawon ƙarafa, ya yi shekara ashirin yana kallon bututu yana cewa wannan ya gaza, wannan ya wuce, kafin ma a ɗora ma'auni. Da aka rage ma'aikata ya koma wani ɗan shago yana narka dalma yana zuba sojoji, irin aikin da ya riƙe mutane da yawa a garin nan, har yau tabon ƙuna na nan a yatsunsa. Ba su haihu ba shi da Mavis. Bai taɓa tuƙa mota ba, bai taɓa ƙetare teku ba. Abin da yake da shi a duniya ido ne, kuma bai bar kowa ya manta ba. Zai sunkuya ya kafa haɓa a bakin tebur, ya runtse ido ɗaya, ya ce, "Na saki." In aka auna aka ga ya kai, sai ya miƙe ya dubi ɗakin duka.

"Kun ga ido?"

Alwyn kuma, mai raba wasiƙu ne, mai tumbi da dariya, wanda kullum sai ya zubar da garin biskit a filin daga, sai ya naɗe tef ɗinsa ya girgiza kai ya ce, "Shegen ido gare ka, mutumina."

In kuwa Wilf ne ke riƙe da tef, to, sai dai mutum ya yi haƙuri. Bai taɓa yafe wa kowa kaurin takarda ba. Ya taɓa hana wani limamin coci harin da ya gaza da abin da sai an sa tabarau ake gani, mutumin bai sake hawa benen ba. Ba mugunta ba ce. Shi dai a wurinsa inci inci ne, kamar yadda Talata take Talata.

Alwyn ya rasu shekara uku da suka wuce. Wilf ya ci gaba da zuwa, amma ya rage surutu, kuma akwatin ya fara yi masa nauyi.

Sai ga Rhoda, 'yar Alwyn. Mace ce mai shekara arba'in da shida, furfura ta fara yi mata sallama, tana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wasannin kwamfuta a tsohon ginin masaƙa. Ita ta shawo kan maigidanta na wurin aiki a mayar da Ganga Uku cikin kwamfuta, don kada wasan ubanta ya mutu tare da tsofaffi shida da hita. A takardar da aka yi, ba a canza doka sai da sa hannun Wilf. Wata goma sha huɗu tana zuwa gidansa da kwamfutarta a jaka, shi kuma yana sa hannu. An ce ƙwayar lido za ta koma cikin na'ura, ba za a ƙara jin ƙararta a kofi ba, ya yarda. An ce sojojin za su riƙa ihu in an harbe su, ya yarda, ko da yake nasa sun yi shekara arba'in suna mutuwa da mutunci. Ya gaji da musu. Duk abin da ta kawo sai ya ce to, ya nemi biro.

Ran wata Talata da safe ta zo, ta zauna a teburin kicin, ba ta buɗe jakar ba.

"Baba Wilf, saura abu ɗaya."

"Tun bikin Ista saura abu ɗaya."

"Doka ta tara."

Ya ajiye kofin shayinsa. Mavis, da ke bakin famfo tana wanke-wanke, ta rage ƙarfin ruwan don ta ji da kyau.

"Mun ba mutum ɗari biyu sun gwada," in ji Rhoda. "Suna sakin dawaki, su gaza, a karkashe su, su kashe kwamfuta su tafi. Wani ya rubuto mana cewa in wulaƙanci yake so, ai yana da suruka. Mai kamfani ya ce a sa layi a ƙasa, ya nuna wa mutum iyakar inda dokinsa zai kai. Ya gani, ya zaɓa."

"Ya gani, ya zaɓa," Wilf ya maimaita. "To ina yaƙin? Wannan ai cike fom ne. Ubanki ne ya rubuta layi na biyu da hannunsa, a nan inda kika ɗora gwiwar hannu."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kina cikin zanen goyo lokacin."

"Ranar Juma'a ake rufe aikin, Baba. In ba a cire ta ba, ya ce ajiye wasan zai yi gaba ɗaya. Kuma ba ni da bakin da zan ce ya yi ƙarya."

"Sa hannu ka huta, tsoho," Mavis ta ce ba tare da ta juyo ba. "Kai da ni nake karanta maka kwalbar magani."

"Rubutun kwalba daban, nisa daban. Mutum ɗari biyunki makafi ne, 'yar nan. Kai ni can in nuna musu yadda ake yi."

Washegari ta ɗauke shi a mota. Ofishin yana hawa na uku, an yi sa'a akwai lif. Mutanen ciki masu gemu ne da kofunan kofi, wasu ma a tsaye suke aiki kamar an ƙwace musu kujeru. Suka gaishe shi da girmamawa irin wadda ake yi wa tsohon gini. Aka zaunar da shi gaban wani ƙaton allo, ga filin daga kore shar, ga hayaƙi, ga tutoci na kaɗawa, abin da ya yi shekaru yana gani a ransa yanzu wani ya zana shi ya fi nasa kyau. Wannan ma ya ɓata masa rai. Rhoda ta ɗora masa hannu a kan linzamin kwamfutar, ta nuna masa inda zai danna.

Sau goma ya saki dawaki. Sau uku suka kai. Sauran bakwai ɗin suka tsaya a fili, aka yi musu ruwan harsashi, suna ta ihun nan da ya sa wa hannu. Masu gemu suka koma kallon kofunansu.

"Gilashi ne," in ji Wilf. "Ba shi da zurfi. Ba inda mutum zai kafa haɓa. Ki zo gida gobe, a tebur na gaske, da dalma ta gaske. In na gaza a can, na sa hannu."

Rhoda ta daɗe tana kallonsa, kamar mai son faɗin wata magana. Daga baya ta ce to, ta je ta ɗauko masa kwat ɗinsa.

A bayan gidan Wilf akwai ɗakin katako inda yake fenti, da tebur irin na mashaya amma ƙarami. Ranar Alhamis da rana yayyafi na ta bugun rufin, ya jera mahaya goma sha biyu masu jar ɗamara a gefe guda, 'yan bindiga a ɗaya gefen. Rhoda ta zo da tef ɗin ubanta, mai ruwan ɗorawa, wanda ya zana sunansa a jiki da ƙusa. Da Wilf ya gan shi sai ya kau da kai ya shiga gyara wata tuta da ba abin da ya same ta.

Ya matsa da mahayan, ya sunkuya da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya kafa haɓa, ya runtse ido.

"Na saki."

Ta ja tef, ta ɗora kansa daidai gaban kofaton dokin farko, ta miƙa shi zuwa ɗan bindiga.

"Goma sha biyu da rabi."

"Sake."

Ta sake. Goma sha biyu da rabi. Ya mayar da su baya, ya canza musu wuri, ya sake sunkuyawa, wannan karon ya daɗe. Goma sha biyu da kwata uku. Na uku, goma sha uku cif. Ya ce tef ɗin ya tsufa, ya lalubo rular ƙarfe da ya fito da ita daga masana'antar kekuna, ya auna da kansa, hancinsa kusan yana taɓa lambobin. Rular ba ta ce komai daban ba.

"Ba ki iya riƙe tef ba," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Asabar ɗin da ta wuce sau huɗu na saki, sau huɗu na kai. Ki tambayi kowa. Ubanki shekara nawa yana auna mini, bai taɓa..."

"In nuna maka yadda Babana yake riƙewa?"

Ta zagayo ta tsaya inda Alwyn ke tsayawa, ta ɗan jingina cikinta da tebur yadda yake yi. Ta kawo kan tef ɗin gaban dokin, ta ɗora babban yatsanta a kai, faffaɗan yatsa irin na gidansu. A ƙarƙashin yatsan kan tef ɗin ya sulale gaba, rabin inci ko ya ɗan fi, ba wanda zai gani sai wanda aka ce ya duba. Can ɗaya gefen lamba goma sha biyu ta zauna daidai ƙafar ɗan bindiga.

"Ya kai," ta ce a hankali. "Shegen ido gare ka, mutumina."

Wilf ya laluba bayansa ya samu kujera ya zauna. Yayyafin ya ƙaru.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da aka yi maka aikin ido na farko. Kafin nan idonka ne, Baba Wilf, Babana ya rantse mini a kan haka, shekara talatin ba ka buƙaci kowa ba. Ni na gani ne lokacin da ƙafarsa ta hana shi tuƙi nake kawo shi. Na tambaye shi a mota, na ce Baba wannan ba maguɗi ba ne? Ya ce maguɗi a kan wa, ai ni ake kashewa. Ya ce in na auna masa daidai zai daina zuwa, to ni da wa zan yi wasa?"

"Bayan ya rasu fa?"

Ta sunkuyar da kai tana naɗe tef ɗin, ya gane amsar. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba: duk mu biyar ɗin da muka rage mun koyi yatsan nan. Ba a taɓa zama an yanke ba. Asabar ta farko bayan jana'iza Wilf ya ce ya saki, wanda ke riƙe da tef ya dube mu, muka dubi hita, shi ke nan.

Amma ba mu Wilf yake tunani ba a kan kujerar nan. Yana tuna wasansu na ƙarshe ne, wata biyu kafin a kwantar da Alwyn a asibiti. Alwyn ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ko biskit bai ci ba. Ya yi shekaru bai ci Wilf ba, ran nan kuwa dama ta zo masa, ya saki dawakinsa duka a gefen hagu. Wilf ya ja tef. Sun gaza da kaurin kwabo. Alwyn ya ɗago ya dube shi yana murmushi, bai roƙa ba, shi dai ya dube shi. Wilf ya ce inci inci ne, mutumina, ya ɗauki ƙwayar lido ya harbe su ɗaya bayan ɗaya. A wasan nan kansa sau uku Alwyn ya auna masa ya ce ya kai.

Kunya ta kama shi, irin wadda ba a samun wanda za a ba haƙuri. Ya ji ya gaji har cikin ƙashi.

"Cire ta," ya ce. "Gobe zan sa hannu. Je ki, ruwa zai tare ki."

Bayan ta tafi ya shiga kicin, Mavis na feraye dankali.

"Kin sani?"

"Ni da nake karanta maka lambar bas?" Ta jefa dankali a ruwa. "Alwyn ya zo nan ya same ni, ya ce kada in faɗa. Na ce masa ni ina ruwana da yaƙinku, in dai za ka riƙa fitar mini da shi daga gida ranar Asabar."

"Kun mai da ni abin dariya."

"Ba wanda ya yi dariya, tsoho. Da dariya ce ai da ka ji ta. Zauna ka taya ni, wannan ko makaho ya iya."

Ya zauna ya ɗauki wuƙa. Ya feraye uku, duk ya kwashe rabin naman dankalin da ɓawo.

Ranar Juma'a bai jira a zo ɗaukarsa ba. Ya hau bas, Mavis ta raka shi tasha ta nuna masa wadda zai shiga. Rhoda ta tarye shi a bakin lif da takardar a hannu. Ya karɓa, ya zauna, ya cire murfin biro, sannan ya mayar.

"Jama'a a ba su layinsu, su gani su zaɓa. Na yarda. Amma ki bar wata 'yar ƙofa a gefe, ga wanda yake son tsohuwar doka."

"Wannan mai sauƙi ne. Zan iya shawo kansa."

"Ban gama ba. Abin da kika sa a na'urar nan rabin doka ne. Kin sa faɗa kafin a auna. Ba ki sa wanda ke riƙe da tef ba."

"Na'ura ce ke aunawa, Baba. Ba ta da babban yatsa."

"To ki yi mata. In hari ya gaza da abin da bai kai inci ba, kada ta yanke hukunci. Ta tambayi wanda ake kai wa harin, shi kaɗai. Ya kai, ko bai kai ba. Abin da ya ce shi ke nan."

Rhoda ta zauna a bakin tebur tana juya tef ɗin ubanta, wanda ashe a aljihu take yawo da shi.

"Sai mai harin ya ga an yafe masa?"

"A'a. Kada ya gani. Kada ya taɓa sani. In ya sani an ɓata abin."

"Ba wanda zai danna, Baba Wilf. Baƙi ne, wani a nan wani a wata ƙasa, ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Wa zai yarda a karkashe masa mutane a banza, ko godiya babu?"

"Wataƙila babu," ya ce. "Ni ma ban taɓa ba, kuma shekara hamsin na san shi. Ki dai sa."

Maigidan nata ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai a ƙofar gefe ne, su yi abin da suke so. Wilf ya sa hannu, rabin sunan ya sauka ƙasan layi.

Bai sake hawa benen mashaya ba. Mun aika, mun je da kanmu, ya ba mu shayi ya ce gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce, mu ma mun sani. Ba zai iya tsayawa ya ce ya saki ba alhali yana kallon yatsunmu. Alwyn ya faɗa tun farko, kuma ya fi mu sanin mutuminsa. Akwatin sojojin ya koma ƙarƙashin tebur a ɗakin katako, Mavis ta ɗora tukwanen fure a kai.

Wasan ya fito da bazara. Bai girgiza duniya ba, ya dai samu mutanensa. Rhoda ta kawo masa wani allo mai faɗi ta kafa a teburin kicin, ta ƙara girman rubutun har kowane harafi ya kai ɗan yatsa. Wata uku bai taɓa shi ba. Sai ran wata Asabar da rana, lokacin da ƙafarsa ta saba neman takalmi, Mavis ta ga ya ja kujera ya zauna, ya lalubi linzamin, ya shiga ta ƙofar gefe.

Aka haɗa shi da wani baƙo. Ba suna, sai wasu haruffa da lamba. Ko yaro ne ko tsoho, ko mace ce, ko daga ina, Wilf bai sani ba. Mutumin dai ya iya matsa da 'yan bindiga, kuma yana da gaggawa. Suka yi ta yi bi da bi, Wilf na riƙe da bakin kogi, bai saki doki ko ɗaya ba don ya san abin da idonsa zai yi masa. A zagaye na shida baƙon ya tara mahayansa a gefen hagu, ganga ta uku ta buga, ya sake su duka.

Allon ya tsaya. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiya da manyan haruffa, Wilf ya matso da fuska ya karanta. Harin ya gaza da rabin inci. A ƙasa maɓalli biyu, ɗaya ya kai, ɗaya bai kai ba.

'Yan bindigarsa na nan a shirye, sahu uku, ba su yi harbi ba tukuna. Danna ɗaya, wasa ya zama nasa. Kuma gaskiya ce, bai kai ba. Hannunsa da kansa ya tafi wajen, hannun da ya yi shekara ashirin yana ware ƙarfen da ya gaza. Ya daɗe a haka har shayinsa ya huce, har Mavis ta leƙo ta tambaya ko na'urar ce ta lalace.

"Ba ta lalace ba," ya ce.

Ya ja linzamin zuwa ɗaya gefen, ya wuce maɓallin, ya dawo, ya same shi, ya danna.

Dawakin suka afka wa sahunsa. Mutanensa suka yi ta ihu, suka watse, suka faɗa kogi, tutarsa ta faɗi a laka. Cikin minti biyu an gama da shi. Bai ji daɗi ba ko kaɗan, ashe abin da ciwo, kuma Alwyn ya sha shi kusan kowace Asabar har shekara takwas yana dariya.

A ƙasan allon rubutu ya fito daga baƙon. Wilf ya sake matsowa.

"Ka ga ido? Ban taɓa kuskure ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Mavis ta zo ta tsaya a bayansa da tsumma a hannu, ta karanta. Ya sunkuya kan haruffan yana nemansu ɗaya ɗaya da yatsa guda, inda ya ɓata ita ta nuna masa.

"Shegen ido gare ka, mutumina," ya rubuta. "Mu sake?"